Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi

1. Ƙasar Kabi

Wanda ya tashi daga Sanam ya nufi kudu, zai ratsa ƙasar Arewa, ya iso Dogon Dutsi. In ya karkata gabas, ya ƙetare iyakar Nijeriya, sai ya tarar da wani babban gulbi mai faɗin fadama. Shi ne gulbin Kabi. Ruwansa yana gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara da Gobir, ya bi ta Sakkwato da Argungu, ya je ya zuba cikin kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara.

Kabi ƙasa ce mai albarka. Da damina gulbi yakan cika ya malala, in ruwa ya janye sai ya bar laka mai kyau. Manoma suna shuka shinkafa cikin fadama, gero da dawa bisa tudu. Masunta suna kama kifi. Makiyaya suna samun ɗanyar ciyawa har cikin rani. Fatake masu zuwa yamma daga biranen Hausa, nan suke ya da zango kafin su ƙetare kogi.

A farkon ƙarni na 16 Kabi ba ta yi suna ba. Manyan dauloli biyu ne ke da iko a wannan yanki. Yamma akwai daular Songai, babban birninta Gawo, a bakin kogin Isa. Gabas akwai daular Barno, wajen tafkin Cadi. Can arewa kuma, cikin duwatsun Abzin, akwai Sarkin Agadas. In an duba taswira, za a ga ƙasar Kurfai tana tsakiya: Gawo arewa maso yamma da ita, Agadas arewa maso gabas, Kabi kudu maso gabas.

Mutum ɗaya ne ya ɗaga Kabi har ta kara da Songai da Barno duka biyu. Sunansa Muhammadu Kanta.

2. Ƙuruciyar Kanta

Labarin ƙuruciyar Kanta daga bakin Kabawa ya fito, kaka da kakanni. Sun ce mahaifinsa Makata baƙo ne daga gabas. Ya zauna Kuyambana, a kudancin ƙasar Katsina, ya sami sarautar Magaji, ya auri ɗiyar Sarkin Katsina. Ita ta haifa masa Muhammadu.

Yaron ya tashi da ƙarfi da zafin zuciya. Ba ya jin tsoro, ba ya ƙaunar raini. Da mahaifinsa ya rasu, sai aka tsallake shi, aka ba wani sarautar. Muhammadu ya yi fushi, ya bar gari, ya shiga kiwon shanun Fulani.

Kiwo ya koya masa abin da ba a koyo a fada. Ya saba da tafiyar kwana da kwanaki. Ya iya daure yunwa da ƙishirwa. Ya san hanyoyin daji da wuraren ruwa, ya san yadda ake tsaron garke da dare. Ban da kiwo, ɗan dambe ne. Duk filin da ya shiga sai ya ka da shagon garin. Sunansa ya bazu ƙauye-ƙauye, samari suka riƙa binsa, ya zama uban tafiyarsu.

Da shi da jama'arsa suka yi yamma. Suka ratsa Gobir da Zamfara, har suka sauka gulbin Kabi. Nan suka ga ƙasa mai ruwa da abinci, kuma babu babban sarkin da zai tare su. Kanta ya kafa gindinsa a garin Leka. Ƙauyukan da ke kewaye suka bi shi, waɗansu da yarda, waɗansu da ƙarfi. Ƴan damben da suka biyo shi suka zama mayaƙa.

3. Ganimar Agadas

A wannan zamani Askiya Muhammadu ne ke sarautar Songai. Ya hau gado a 1493. Ya je hajji a 1496. Ikonsa ya kama daga Janne da Tumbutu har Dandi, wato ƙasar Gaya ta yanzu. Kowane yanki yana da hakimi. Hakimin Dandi, wanda ake kira Dandi-fari, yana cikin manyan jarumawan Askiya. Leka maƙwabciyar Dandi ce, saboda haka Kanta ya zama mabiyin Askiya.

A 1515 Askiya ya ɗaura yaƙi zuwa Agadas. Agadas birnin fatauci ne, ƙofar hamada, inda ayarin raƙuma ke sauka da gishiri da tufafi da kayan ƙasashen Larabawa. Kanta ya tara mutanensa, ya bi rundunar Songai. Tafiya ce mai nisa cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa. Suka yi yaƙi, suka ci nasara, suka juyo da ganima.

A zamanin nan mayaƙi ba shi da albashi. Da dokinsa yake zuwa, da mashinsa, da guzurinsa. Ya bar gonarsa da iyalinsa, bai san ko zai komo ba. Ladan wahalarsa shi ne rabon da za a ba shi cikin ganima. Shugaban da ya komo gida mutanensa hannu wofi, ya zubar da girmansa, kuma ba wanda zai sake amsa kiransa.

Abin da ya faru bayan nan yana rubuce cikin littafin Tarihin Sudan, wanda malam Abdurrahman Assa'adi na Tumbutu ya rubuta wajen 1655. Aka komo daga Agadas, Kanta ya yi ta jiran rabonsa, shiru. Ya je wurin Dandi-fari ya yi masa magana. Dandi-fari ya gargaɗe shi, ya nuna masa in ya kuskura ya nemi rabo, za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta ya haɗiye fushinsa, ya koma zangonsa.

Amma mutanensa ba su haƙura ba. Suka taru, suka tambaye shi inda rabonsu yake. Ya gaya musu yadda suka yi da Dandi-fari. Suka ce ya koma, kuma in an kira shi ɗan tawaye, to, su ma duk ƴan tawaye ne tare da shi.

Kanta ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, ya ci amanar waɗanda suka biyo shi tun daga filin dambe. In ya buɗe baki, ya jawo wa ƙaramar ƙasarsa fushin rundunar da ta fi kowace ƙarfi a yamma. Ya zaɓi mutanensa. Ya koma wurin Dandi-fari, ya sake neman hakkinsu. Aka sake hana shi. Daga nan Kanta ya fita daga biyayyar Askiya. Wannan ya faru a 1516.

4. Kabi ta tsaya da ƙafafunta

Nan da nan yaƙi ya tashi. Mayaƙan Songai suka auka wa mutanen Kanta, aka yi kazamin karo, Kanta bai ja da baya ba. Kabawa sun ce a Tara aka yi wannan karo, kusa da Gaya. A 1517 Askiya ya sake tura runduna, ita ma ta komo ba ta sami kome ba.

Yaya ƙaramar ƙasa ta tare babbar daula? Ƙasar kanta ta taimaki Kanta. Ƙarfin Songai yana ga barade, doki kuwa ba ya sukuwa cikin laka. Kabawa sun san kowace mashiga da kowane tsibiri na fadamarsu, suna da jirage, suna da ƴan baka. Gawo tana nesa, rundunar da ta zo daga can ba ta iya daɗewa ba abinci. Ga shi kuma mutanen Kanta sun ga yadda ya tsaya musu, su ma suka tsaya masa.

Askiya Muhammadu ya tsufa, ya makance. A 1528 ɗansa Musa ya tuɓe shi. Bayan Musa aka naɗa Askiya Muhammadu Bonkana, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537. Sarki ne mai son ado da kaɗe-kaɗe da fita yaƙi. Ya ɗauki rundunarsa da kansa, ya nufo Kabi. Suka haɗu da Kanta a wani wuri da ake kira Wantaramasa. Kanta ya fatattaki rundunar. Cikin gudu suka faɗa wata fadama, sai da wani babban bafade ya saɓa Askiya a wuya, ya ƙetare da shi. Sarkin da ya zo bisa doki da tambura, a wuyan mutum ya tsira.

A zamanin Askiya Dawuda, wanda ya hau gado a 1549, rigima ta sake tashi tsakanin ƙasashen biyu. Wannan karon da sulhu ta ƙare. Songai ba ta ƙara mallakar Kabi ba.

5. Birnin Surame

Da Kanta ya huta da Songai, sai ya juya ga maƙwabtansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ba da labarin cewa ikon Kanta ya kai Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Abzin, har da wani yanki na Songai. Sarakunan waɗannan ƙasashe suna nan bisa gadajensu, amma suna aiko masa da gaisuwa da haraji.

Manyan garuruwansa uku ne: Leka da Gungu da Surame. Surame ce babban birni. Yawancin biranen Hausa da ƙasa aka gina ganuwarsu. Ganuwar Surame kuwa da dutse aka yi ta, ana jera duwatsu ana liƙe su da yumɓu. An yi ganuwa cikin ganuwa, da ƙofofi da gwalalo.

Irin wannan aiki yana cin hannu da yawa. Kabawa sun ce Kanta ya raba ganuwar kashi-kashi, ya ba kowace ƙasar da ke ƙarƙashinsa nata kashi. Sun ce ya hana Abzinawa ɗiban ruwan gulbi, ya sa su ɗauko ruwan kwaɓa daga ƙasarsu bisa raƙuma. Nufawa kuwa sun makara, sai ya sa su kwaɓa tasu ƙasa da man kaɗe maimakon ruwa. Har wa yau sun ce yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da jan ƙarfe, matuƙa 50 ke tuƙa shi. Cikinsa yake kewaya garuruwansa in gulbi ya cika.

Waɗannan labaru suna nuna girman Kanta, suna kuma nuna nauyin hannunsa. Mutumin da ya ƙi a danne hakkin jama'arsa, ga shi ya ɗora wa jama'ar waɗansu kaya mai nauyi. Suna biyayya don tsoro, suna jiran ranar da za su sauke.

6. Yaƙi da Barno

Tun kafin Kanta, Barno tana ganin ƙasashen Hausa da Abzin nata ne. Sarkin Barno, wanda ake kira Mai, bai ji daɗin ganin haraji ya koma Surame ba. An ce Sarkin Abzin ma ya kai masa kuka. Mai ya tara babbar runduna. Ya biyo ta Sosebaki, kudu da Damagaram, ya wuce arewa da Daura da Katsina, ya kewaye Gobir, ya sauka bakin ganuwar Surame.

Aka yi kwanaki ana gwabzawa. Mutanen Kanta suka ragu. Kabawa sun ce a nan ya yi wata dabara mai ban tsoro. Da dare ya sa aka kwaso gawawwakin mayaƙan da suka mutu, aka jingina su bisa ganuwa, kowa da bakansa a hannu, haƙora waje kamar mai dariya. Gari ya waye, Barebari suka ɗaga kai, suka ga ganuwa cike da ƴan baka suna yi musu dariya. Rana ta take, suna nan. Rana ta faɗi, suna nan. Daga nan aka sami karin maganar nan ta dariya ba loto. Gwiwar Barebari ta yi sanyi, Mai ya tashi ya kama hanyar gida.

Kanta bai bar shi ya tafi lafiya ba. Ya tara sauran mayaƙansa, ya bi sawunsa, ya ratsa ƙasar Hausa duka daga yamma zuwa gabas. Ya cim ma rundunar Barno a Nguru, ya ci ta, ya kwashi ganima.

A hanyar komowa ya biyo ta ƙasar Katsina. Mutanen wani wuri da ake kira Dugul suka yi masa tawaye, ya tsaya yaƙarsu. Cikin wannan ɗan ƙaramin yaƙi kibiya ta same shi. Aka ɗauke shi, aka nufi gida, amma bai kai ba. Ya rasu a Jirwa. Jarumin da ya gagari Askiya da Mai, kibiyar talakawan da suka gaji da mulkinsa ce ta ka da shi. Mutanensa suka kai gawarsa Surame, suka rufe shi can. Ya rasu wajen 1556, bayan ya yi shekara kamar 40 yana mulki. Ɗansa Ahmadu ya gaje shi.

7. Bayan Kanta

Ƙasashen nesa da Kanta ya ci da ƙarfi ba su daɗe a hannun jikokinsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka daina aiko da haraji. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci rundunar Kabi. Ƙasar Adar, maƙwabciyar Kurfai ta gabas, ta fita daga hannun Kabawa, ta koma hannun Abzinawa.

Amma Kabi kanta ta rayu. A 1591 sojojin Maroko masu bindiga suka karya daular Songai a Tondibi, Kabi tana nan tsaye. Wajen 1700 sarakunanta suka bar Surame, suka koma Birnin Kabi. A 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, rundunar ƙanensa Abdullahi ta ci Birnin Kabi. Zuriyar Kanta ba ta miƙa wuya duka ba, daga baya ta kafa sabuwar fada a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi, Zabarmawan Doso da Arawa suka haɗa kai da shi, suka yi shekaru suna kare ƙasashensu tare.

Yau sarakunan Argungu daga zuriyar Kanta suke. A garin akwai gidan tarihi mai sunansa, inda aka ajiye masu da takubba da tambura na sarakunan Kabi. Surame kuwa ta zama kufai, itatuwa sun tsiro cikinta, amma ganuwar dutse tana nan. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta sa ta cikin wuraren tarihi da doka ta hana ɓatawa.

Ƙasashen da Kanta ya riƙe da tsoro sun kuɓuce. Jama'ar da ya tsaya wa ranar rabon ganimar Agadas, jikokinsu suna kiran sunansa har yanzu, shekara fiye da 500 bayan wannan rana.

Ma'anar kalmomi

daula: babbar ƙasa mai mulkin ƙasashe da yawa
ganima: dukiyar da aka kwaso wurin yaƙi
barade: mayaƙa masu dawaki
ƴan baka: mayaƙa masu harbi da kibiya
shago: gwanin dambe wanda ya gagara
gwalalo: ramin da ake haƙawa kewaye da ganuwa
kufai: tsohon mazaunin gari wanda mutane suka tashi suka bari
ƙarni: shekara 100

Tambayoyi

1. Waɗanne manyan dauloli biyu ne suka sa Kabi tsakiya a ƙarni na 16?
2. Me ya sa Kanta ya bar Kuyambana? Me kiwo ya koya masa?
3. Don me ganima take da muhimmanci ga mayaƙin wancan zamani?
4. Sau nawa Kanta ya je wurin Dandi-fari? Wa ya sa shi komawa?
5. Ku kawo dalilai uku da suka hana Songai cin Kabi.
6. Mene ne bambancin ganuwar Surame da ta sauran biranen Hausa?
7. A ina kibiya ta sami Kanta? Su wa suka harbe shi?
8. Shekara nawa ke tsakanin tawayen Kanta da faɗuwar Songai a Tondibi?
9. A ganinku, wane hali na Kanta ya kamata shugaba ya ɗauka, wane ne kuma ya kamata ya bari?

Aiki

Ku zana taswira cikin littafinku. Ku sa Sanam da Filinge da Dogon Dutsi da Gaya da Gawo da Agadas da Argungu. Ku ja kogin Isa da gulbin Kabi da shuɗin alƙalami.

In kun koma gida, ku tambayi tsofaffi labarin wani mayaƙi na ƙasar Kurfai. Ku rubuta shi cikin layi goma, ku karanta wa ƴan ajinku.